Rikidozan: Gwarzon Japan Da Ya Ɓoye Sunan Yankansa

A ranin da ya wuce na je gida Garun Malam, daidai lokacin da kwandunan tumatir suka cika bakin titi a Kwanar Gafan, sai na tarar da samari suna kokawa da la'asar a bayan gari. Akwai wani yaro da ya yi ta kaye, jama'a na shewa suna kiransa namu. Da aka kai shi ƙasa a karawa ta huɗu, sai na ji wani dattijo yana tuna wa na kusa da shi cewa ai kakan yaron ci-rani ne ya kawo shi, zamanin da aka buɗe hanyoyin ruwan Kadawa. Alhali shi da ubansa duk a garin aka yanke musu cibiya. Wannan magana ce ta tuna mini da wani ɗan kokawa na ƙasar Japan wanda na fara cin karo da labarinsa, ba a fagen wasa ba, a wajen nazarin yadda masu mulkin mallaka ke sauya wa talakawansu suna da harshe.

An haifi Kim Sin-rak a 1924 a yankin Hongwon da ke arewa maso gabashin Koriya, shekara 14 bayan Japan ta haɗiye ƙasar. Ya taso yana kokawar gargajiya ta mutanensa, wadda a al'ada sa ake bai wa zakaranta. A nan idon wani Bajapane ya faɗa kansa, aka kai shi Tokyo, ya fara kokawar sumo a 1940, shekarar da aka matsa wa Koriyawa lamba su ɗauki sunaye irin na Japanawa. Sunan fage da aka laƙaba masa shi ne Rikidozan, haruffa uku masu ma'anar ƙarfi da hanya da dutse. Ya hau har matsayin sekiwake, na uku daga sama, sannan a 1950 ya ɗauki wuƙa ya yanke tukkunsa da hannunsa, abin da a sumo ke nufin rabuwa ba kome. Wasu sun ce rikicin kuɗi ne da maigidansa, wasu kuma sun ce ya gane akwai matakin da ba za a bar Bakoriye ya taka ba. Daga baya aka shigar da shi rajistar iyali da sunan Mitsuhiro Momota, haifaffen garin Omura na lardin Nagasaki. Da wannan takarda ya rayu har ƙarshe.

A 1951 ya koma kokawar zamani irin ta Amurkawa, wadda mu yaran shekarun 1980 muka sani a talabijin da kaset, wadda kuma akan tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali. Ya je Hawaii da Amurka ya goge, ya dawo a 1953 ya kafa ƙungiyarsa. Sa'a ta zo masa, domin a shekarar ce aka fara watsa shirye-shiryen talabijin a Japan, kuma da yake akwatin ya fi ƙarfin aljihun talaka, sai aka riƙa kafa shi a bakin tashoshin jirgin ƙasa, mutane dubbai suna tsaye suna kallo.

Mai karatu ya dubi halin da waɗannan mutane suke ciki. Shekara tara kacal da aka ci su da yaƙi, an ƙone biranensu, an jefa musu bama-baman nukiliya biyu, mulkin sojan mamaya bai ƙare ba sai 1952. Sai ga shi a watan Fabrairun 1954 wani mai baƙin wando ya hau dandamali tare da zakaran judo Masahiko Kimura, suna fuskantar wasu zabga-zabgan 'yan'uwa, Ben da Mike Sharpe. Baƙin za su yi ta maguɗi da mugunta, shi kuwa yana haƙuri, har tura ta kai bango, sannan ya hau su da saran gefen hannu har su zube. Manya suna kuka a titi. Abin dariya, ko abin tausayi, shi ne Amurkawan da ake murnar an rama a kansu 'yan Kanada ne, Bajapanen da ya rama musu kuwa Bakoriye ne. Karawarsa da Lou Thesz a 1957 ta sami kashi 87 cikin 100 na masu kallon talabijin, a 1958 kuma ya bi Thesz har Los Angeles ya karɓe kambunsa.

Ba na son a ɗauka waliyyi nake bayyanawa. A ranar 22 ga Disamba 1954 ya kara da abokinsa Kimura, wanda ya dage har mutuwarsa cewa canjaras aka shirya za a yi, amma Rikidozan ya rufe shi da duka na gaske har ya suma. Mashayi ne, mai saurin hannu, almajiransa sun sha duka a wurinsa, kuma dukiyar da ya tara ta gidajen haya da gidajen rawa ta sa shi cuɗanya da 'yan dabar da ake kira yakuza. Sai dai hannunsa ya yi albarka: Giant Baba da Antonio Inoki, waɗanda suka fara wasa rana ɗaya a 1960, su suka riƙe sana'ar shekaru da dama bayansa. Inoki ne ya kara da Muhammad Ali a 1976.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne shirun. 'Yan jarida da dama sun san asalinsa, suka ja bakinsu, domin ƙasar na bukatar gwarzo nata na kanta, kuma a 1952 ɗin nan aka ƙwace wa Koriyawan da ke Japan matsayin 'yan ƙasa. Mutumin da ya sha harshen Koriya a nonon uwa ya shafe shekarun ɗaukakarsa ba ya furta shi a bainar jama'a. Ko da wani matashi Bakoriye mai suna Kim Il ya tsallako teku a ɓoye don ya zama almajirinsa, sunan Japanawa aka sa masa, Kintaro Ohki. A Janairun 1963 Rikidozan ya ziyarci Koriya ta Kudu ba tare da an kwarmata a Japan ba, aka kai shi kan iyaka a Panmunjom. Garinsu yana can ɗaya ɓangaren, a Koriya ta Arewa, kuma bai sake taka shi ba.

A daren 8 ga Disamba 1963, a wani gidan rawa na unguwar Akasaka, gardama kan take ƙafa ta haɗa shi da wani ɗan yakuza, Katsushi Murata, wanda ya soka masa wuƙa a ciki. An yi masa aiki, ya fara samun sauƙi, sai ciwon ya ruɓa daga ciki, ya mutu ranar 15 ga wata yana da shekara 39.

Bayan mutuwarsa aka shiga rububinsa. Japan ta ci gaba da kiransa uban kokawar zamani a ƙasarta. Koriya ta Arewa ta ce ɗanta ne, har Inoki ya shirya gagarumin wasa a Pyongyang a 1995, Muhammad Ali na cikin manyan baƙi. Koriya ta Kudu ma ta yi fim a kansa a 2004. Haruffa ukun nan na sunansa ba su sauya ba, amma a bakin Koriyawa Yokdosan ake karanta su, kuma da wannan lafazi aka sa wa fim ɗin suna a Seoul.