Michael Faraday: Ɗan Maƙerin da Ya Koya Mana Haɗa Lantarki

Ranar da malaminmu ya rubuta sunan Faraday a allo, ni dai na ɗauka wani babban farfesa ne da ya tara digiri. Ashe ba haka ba ne. Da na bi tarihinsa sai na tarar ɗan'uwanmu ne, mai aikin hannu.

An haifi Michael Faraday a 1791 a gefen birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, gidan kuma talauci ya yi masa katutu. Karatunsa bai wuce iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai wurin George Riebau, ya yi shekara bakwai. To, a nan dabarar take: littafin da aka kawo ɗinki, sai ya karanta shi. Da haka ya fara sanin lantarki.

A 1812 ya samu damar sauraron laccocin Humphry Davy, fitaccen masanin sinadarai a Royal Institution. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi ya zama littafi, ya aika wa Davy yana neman aiki. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Da suka yi tafiya zuwa Faransa da Italiya, matar Davy ta mayar da shi bara, har abinci tare da masu hidima yake ci. Ya haɗiye, ya ci gaba da koyo.

A 1821 ya sa waya mai ɗauke da wuta ta riƙa zagaya maganaɗisu, wanda shi ne asalin motar lantarki da ke juya fanka da injin ruwa. A 1831 ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe, ya lura duk lokacin da ya kunna ko ya kashe wuta a ɗaya, sai wuta ta motsa a ɗayar. Ya gano cewa canjin ƙarfin maganaɗisu ne ke haifar da lantarki. Taransfomar unguwarku, janaretan mai cajin waya, har injinan madatsar Kainji, duk a kan wannan suke aiki.

Lissafinsa ba shi da ƙarfi, sai daga baya James Clerk Maxwell ya zuba tunaninsa cikin lissafi. Sau biyu ana ba shi shugabancin Royal Society yana ƙi. Da gwamnati ta nemi ya taimaka wajen haɗa iska mai guba a yaƙin Kirimiya, ya ƙi. Ya rasu a 1867, kuma ma'aunin farad da muke gani a jikin kafasito sunansa ne.

Abin da ya sa na kawo labarinsa shi ne, mu 'yan kwalejin fasaha mun sha jin ana fifita mai digiri a kan mai HND, har wasunmu suna jin kunyar shiga wokshop da kayan aiki. Wallahi wannan kunyar ba ta da tushe. Sai dai fa a lura: Faraday bai tsaya ga hannu kawai ba, kowane gwaji sai ya rubuta shi dalla-dalla a littafinsa. Mu da muke kwafar rahoton firaktikal daga na bara, a nan ya bar mu. Ni kam daga wannan zangon, abin da idona ya gani shi zan rubuta.