Hakaru Hashimoto, likitan ƙauye da ya gano wani irin maƙoƙo

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani likitan ƙasar Japan wanda duniya ba ta san darajar aikinsa ba sai bayan rasuwarsa.

An haifi Hakaru Hashimoto ran 5 ga watan Mayu 1881 a yankin Iga, cikin gidan da aikin likita ya zama gado. Ya gama karatun likita a Fukuwoka a 1907, ya kama aiki a sashen fiɗa. A nan ne ya duba naman maƙoƙon da aka cire wa mata 4, sai ya tarar fararen ƙwayoyin jini sun mamaye tiroyid, wato ƙullutun nan na gaban wuya da ke daidaita ƙarfin jiki. A 1912 ya bayyana cutar cikin wata mujallar likitocin Jamus. Daga nan ya tafi ƙarin karatu Gotingen, amma yaƙin duniya na farko ya tilasta masa komawa gida.

Ya riƙe asibitin gidansu, yana bin marasa lafiya har ɗakunansu. Wajen wannan aiki ne ya kamu da zazzaɓin tifoyid, ya rasu ran 9 ga Janairu 1934, yana da shekara 52.

Sai a 1956 aka gane asalin cutar. A Landan, Deborah Doniach ta lura cewa wani furotin mai suna gamma-globulin ya yi yawa a jinin masu cutar. Ita da Ivan Roitt suka nuna cewa garkuwar jiki ce ke ƙera makaman da ke kai wa tiroyid hari. Wannan ya buɗe wa likitoci hanyar fahimtar cututtukan da jiki ke yaƙar kansa.

A nan Nijar mun fi sanin maƙoƙon rashin iyod, wanda gishiri mai iyod ke karewa. Amma na Hashimoto daban ne, gishiri ba ya maganinsa, kuma ya fi kama mata. Alamunsa su ne kasala, jin sanyi, ƙiba da bushewar fata. Awon jini ke tabbatar da shi, kuma akwai ƙwayar lebotiroksin da ake sha kullum. Don haka muna kira ga ƴan uwa mata da ke jin waɗannan alamu da su je asibiti tun da wuri.