Janar Wingate da Sojojin Ƙungurmin Dajin Bama

Duk wanda ya tashi a zango ya ji labarin yaƙin Bama a bakin tsofaffi, kuma har yau babban barikin sojan Ankara sunansa Burma Camp. Amma kaɗan ne a cikinmu matasa suka san Orde Wingate, Baturen Ingila da ya kai sojoji bayan dagar Japanawa.

An haife shi a Indiya a 1903. Ya yi aikin soja a Sudan, sannan a Falasɗinu, inda a 1938 ya kafa 'yan sintirin dare da suka gallaza wa ƙauyukan Larabawa. Wannan tabo bai goge daga sunansa ba. A 1941 ya taimaka wajen korar Italiyawa daga Habasha.

A Fabrairun 1943 ya tsallaka kogin Chindwin da mutum wajen 3,000, waɗanda ake kira Chindit, don su fasa layin dogon Japanawa. Babu mota, babu hanya. Kowane soja na goye da kaya kusan kilo 30, alfadarai na ɗauke da rediyo da harsasai. Abincinsu biskit ne da dabino da shayi, jirgin sama ke sako musu da laima. In jirgi bai zo ba, a kwana da yunwa. Wanda rauni ya hana shi tafiya, sai a bar shi a ƙauye. Fiye da 800 ba su dawo ba.

A 1944 aka sake komawa, har da bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda da Hausa ake ba su umarni. An yanke wa alfadarai jijiyar murya kada kukansu ya tona asiri. Da damina ta sauka, zazzaɓin cizon sauro da atuni da matsattsaku suka addabi sojoji.

Wingate bai ga ƙarshen wannan tafiya ba. Jirginsa ya faɗi ranar 24 ga Maris 1944, yana da shekara 41. Kabarinsa na Arlington a Amurka, da sunansa a jikin dutse.

Namu kuwa da suka kwanta a dajin nan, wa ya riƙe sunayensu? Mu tambayi sauran tsofaffinmu, mu rubuta, tun kafin su ma ƙasa ta rufe musu ido.