Malam Abdullahin Gwandu: Jarumin da ya bar rundunar jihadi saboda tsoron hisabi

A shekarar 1807 rundunar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kama hanyar Alƙalawa, babban birnin Gobir na wancan zamani, wanda kufansa ke kusa da Sabon Birni, ba nisa da Isa da Shinkafi. Ana cikin tafiya sai aka nemi ɗaya daga cikin manyan jagororin rundunar aka rasa. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya sulale tare da mutum biyar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina.

Wanda bai san shi ba zai iya cewa tsoron mutuwa ne ya kore shi. Amma wannan mutum shi ne ya ja mayaƙa a Tabkin Kwatto, kuma akwai tabon kibiya a jikinsa. Abin da ya firgita shi wani abu ne daban, kuma shi ne mabuɗin fahimtar rayuwarsa baki ɗaya.

Tasowarsa

An haifi Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo wajen shekarar 1766, kimanin shekara 12 bayan yayansa Usmanu. Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga yayan nasa, wanda ya zame masa uba da malami. Ya kuma ɗauki ilimi a wurin kawunnansa da wasu malamai, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya yi fice a nahawu da sarfu da fiƙihu da tafsiri, ga kuma baiwar waƙen Larabci.

Da Shehu ya shiga ƙasar Zamfara yawon wa'azi wajen 1786, inda ya shafe kimanin shekara biyar, Abdullahi na tare da shi. A nan ne wani malami daga Barno, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar majalisin wa'azin tare da maza. Shehu ya umarci ƙanen nasa ya ba da amsa, shi kuma ya mayar da ita a waƙe, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wancan illa. Lokacin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba.

A filin daga

Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, Abdullahi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na shekarar ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto, inda suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa duk da ƙarancin dawakinsu.

Daɗin nasarar bai daɗe ba. A harin farko da aka kai wa Alƙalawa kibiya ta same shi a ƙafa. Kafin shekarar ta ƙare aka yi karon Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu suka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Waɗannan su ne abokan karatunsa, mutanen da suka san dalilin da ya sa aka baro gida tun farko. Sauran da suka tsira suka gangaro Sabon Gari a ƙasar Zamfara cikin yunwa da ciwo. Duk da haka, a 1805 Abdullahi ya sake ɗaura ɗamara ya ci Birnin Kabi.

Abin da ya faru a Kwalda

A ƙarshen 1805, a kan hanyar zuwa yaƙin Alwasa, mayaƙa suka afka wa garin Kwalda da wasoso, alhali mutanen garin ba abokan gaba ba ne. Abdullahi da ɗan yayansa Muhammadu Bello suka yi ƙoƙarin hana su, har rayuwarsu ta shiga haɗari a hannun mutanensu. Bayan haka rundunar ta sha mummunan kashi a Alwasa.

Daga baya al'amura suka daidaita ta fuskar yaƙi. A 1806 an yi galaba a kan Gobirawa da Buzaye a Fafara, kusa da Zurmi, inda Namoda, jarumin Alibawa da garin Ƙauran Namoda ke ɗauke da sunansa, ya taka rawa babba. Sai dai yayin da ƙasa ke ƙara buɗewa, zuciyar Abdullahi ƙara ƙuntata take yi. A littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813, ya bayyana abin da ya gani: mafi yawan mutanen kirki sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa hankalinsu ya karkata ga muƙami da ganima da dawaki da tufafin alfarma, an yi watsi da masallatai da makarantu.

A wurin malami irinsa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ya san cewa niyya ce ke raba shahidi da wanda ya mutu yana neman duniya, ko da kibiya ɗaya ce ta kashe su a fili ɗaya. Mutuwar kanta bai ɗauke ta abin gudu ba, domin ya sha tsayawa gabanta. Tsoronsa shi ne ta riske shi cikin aikin da ba zai iya kare shi a gaban Allah ba. Dalilin sulalewarsa a 1807 ke nan.

Kano ta tare shi

Bayan kwanaki cikin daji, shi da abokan tafiyarsa suka isa Kano a zamanin Sarki Sulaimanu. Jama'ar birnin suka roƙe shi ya tsaya ya koyar da su. Da ya duba, sai ya ga abin da ya gudo wa shi ne ya tarar a can. Wannan ya nuna masa cewa sauya gari ba zai raba shi da matsalar ba, kuma wanda Allah Ya ba ilimi za a tambaye shi game da mutanen da ya bari cikin duhu.

Sai ya zauna ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayanin yadda shugaba da alƙali za su tafiyar da jama'a bisa shari'a. Daga nan ya juyo gida, bai kai Makka ba har ƙarshen rayuwarsa. A watan Oktoban 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar da Bello ya jagoranta, aka kashe Yunfa.

Ƙofar Sakkwato da Kalambaina

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu, ya ba Bello gabas da arewa, ya ba Abdullahi yamma da kudu. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, mutane da yawa sun ɗauka ƙanen nasa ne zai gaje shi. Riwayar da ta shahara ta nuna cewa ko da ya iso Sakkwato daga Boɗinga, an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Abin ya yi masa zafi, amma bai tara mayaƙa don neman kujerar ba, sai ya koma Gwandu.

Wajen 1820, masu tawaye da suka taru a Kalambaina suka matsa masa, Bello ya zo da runduna ya taimake shi. Masana tarihi sun kawo cewa da suka haɗu bayan an ci garin, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Tsamin da ke tsakaninsu ya ƙare a ranar.

Guzurin tafiya

Daga nan ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Buhari, ya koma ga allo da alƙalami. Ya bar littattafai masu yawa. Akwai babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, da wani gajere da ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi a karatu bisa riwayar Warshu, wato Kifayatu Du'afa'is Sudan. Akwai kuma Maɗiyyatuz Zadi ilal Ma'adi, wanda sunansa kaɗai ke nuna yadda ya ɗauki rayuwa: abin hawa ne da ake ɗora wa guzuri zuwa makoma. Ya rasu a Gwandu a 1829, a can kabarinsa yake, kuma sarakunan Gwandu zuriyarsa ne.

A yau mutanen Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda ba sa buƙatar a ba su labarin tsoron mutuwa, domin matsalar 'yan bindiga ta sa manomi na fita gona bai da tabbacin dawowa. Tarihin Malam Abdullahi, wanda ya rayu a zamanin yaƙi da yunwa a wannan yanki, na tunatar da cewa ajali ba ya hannun kowa, amma abin da mutum zai tarbe shi da shi na hannunsa. Tunatarwar ta fi nauyi a kan masu riƙe da makami ko muƙami da sunan kare jama'a, domin a cikin nasa mutanen ne ya ga ɓarnar Kwalda, kuma bai yi shiru ba.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya sa mu cika da imani.