Ibnul Haisam, Malamin da Ba Ya Karɓar Magana Sai da Hujja

Bismillahir Rahmanir Rahim. A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin Abu Ali Hasan ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040.

Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi iƙirarin zai iya tsare ambaliyar Kogin Nilu. Da maganar ta kai kunnen Halifa Alhakim na Misra, sai ya aika masa ya zo. Ibnul Haisam ya bi kogin har kudu da Aswan, ya duba faɗinsa da ƙarfin ruwansa, ya gane aikin ba zai yiwu da kayan zamaninsa ba. Ya koma ya gaya wa halifa gaskiya, alhali Alhakim sarki ne mai saurin hukunci. An ce haukan ƙarya ya yi don ya tsira da ransa, aka tsare shi a gida har halifan ya gushe a 1021. Sai a 1970 aka gama babbar madatsar ruwa ta Aswan.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, juzu'i 7, a kan haske da gani. Kafin shi, manyan malaman Yunanawa irin su Uƙlidis da Baɗlamus sun koyar da cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Shekaru ɗaruruwa ana karanta wannan ana wucewa. Ibnul Haisam ya saɓa musu, kuma bai tsaya a musu na baki ba. Ya nuna cewa wanda ya kalli rana idonsa na ciwo, wanda kuma ya ƙura wa wuri mai tsananin haske ido ya kau da kai, zai ci gaba da ganin alamarsa na ɗan lokaci. Ashe haske shiga ido yake yi daga waje.

Sannan ya jera fitilu a gaban wani ɗaki mai duhu, ya bar ƙaramar kafa guda. Hasken kowace fitila ya faɗi a wurinsa daban a bangon ciki. In aka rufe fitila ɗaya, hasken da ke daidai da ita kaɗai ke ɓacewa. In aka buɗe, ya dawo. Da haka ya tabbatar haske miƙewa yake yi samɓal, kuma ba ya cakuɗewa a kafar. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda yake bayyana kayan gwaji dalla-dalla, don mai karatu ya maimaita da hannunsa. Kalmar da yake kiran gwaji da ita ita ce i'itibari, kuma ɗalibanmu na sarfu za su gane tushenta ɗaya da ibra.

A nan muke da magana da kanmu. Yaro a makarantunmu na zango, in aka kawo masa hukuncin fiƙihu, ya san ya tambayi dalili. In hadisi ne, ya tambayi wanda ya ruwaito. Amma a ajin kimiyya sai ya haddace amsa kamar karatun aku, don jarrabawa kawai. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin da wuya mu malamai mu ce masa: da me ka sani? Kwali, allura da kyandir 3 sun isa a maimaita gwajin ɗaki mai duhu a kowane aji.

Ibnul Haisam ya rubuta wani littafi, Asshukuku ala Baɗlamus, inda ya tattara kurakuran wannan babban malami ba tare da ya raina shi ba. Shi ma bai tsira ba. An fassara Manazir zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, sannan a 1604 Kepler ɗan Jamus ya gyara masa, ya nuna cewa hoton abin da ake kallo a bangon bayan ido yake sauka, a juye.

Ƙarshen rayuwarsa ya yi shi ne kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannu yana sayarwa don abin da zai ci. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.