John Kemeny (1926–1992): Malamin Lissafin da ya Sauƙaƙa wa Ɗan Koyo Harshen Kwamfuta

Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, duk wanda ya kunna ƙaramar kwamfutar gida a Amurka ko a Turai, abin da yake fara tararwa a fuskarta shi ne harshen BASIC, yana jiran a ba shi umarni. Da wannan harshe ne miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga ajin kimiyyar kwamfuta ba suka koyi rubuta manhaja da hannunsu. Malaman lissafi biyu ne suka ƙirƙiro shi a Kwalejin Dartmouth a 1964, wato John George Kemeny da Thomas Kurtz. Abin lura a tarihin Kemeny shi ne, harshen nasa ya cim ma burin da ya sa a gaba ta wata hanyar da bai tsara ba, kuma ya rayu har ya ga hakan, bai kuwa gamsu da kamannin da harshen ya ɗauka ba.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Kemeny a birnin Budapest na ƙasar Hangari ranar 31 ga Mayu, 1926, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Da ya ga yadda ƙarfin Hitila yake ƙaruwa, sai ya yi gaba zuwa Amurka a 1938, iyalinsa suka bi shi zuwa New York a 1940. Kakan Kemeny ya ƙi barin gida, yana kuma cikin waɗanda kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawan Turai ya rutsa da su. Yaron yana da shekara goma sha uku ya shiga makarantar sakandare ta George Washington, Ingilishi kuwa baƙon harshe ne a gare shi, amma bayan shekara uku shi ne ya fita na ɗaya a ajinsu. Har ya koma ga Mahaliccinsa karin mutanen Hangari bai bar bakinsa ba. Yana da kyau a riƙe wannan a zuci, domin mutumin da ya san wahalar shiga baƙon harshe da girmansa shi ne daga baya ya damu da wahalar da ɗan koyo yake sha a gaban na'ura.

A 1943 ya shiga Jami'ar Princeton don karanta lissafi da falsafa. Yaƙi ya katse masa karatu, aka ɗauke shi soja, aka tura shi Los Alamos, inda ake aikin ƙera bam ɗin nukiliya. A can ya yi aiki ƙarƙashin Richard Feynman, a sashen da ake yin lissafi da injunan IBM masu aiki da kati mai huji-huji. Lissafi ɗaya kan ci makwanni ana ɗura kati ana kwashewa. A can ne kuma ya saurari John von Neumann, wani ɗan Budapest ɗin, yana bayyana tsarin kwamfuta mai aiki da lantarki wadda za ta riƙe umarnin da aka ba ta a cikin ƙwaƙwalwarta. Ya koma Princeton ya sami digirin farko a 1947, ya yi wa Albert Einstein aikin mataimaki a fannin lissafi, sannan ya kammala digirin digirgir a 1949 a ƙarƙashin Alonzo Church, yana da shekara ashirin da uku. Ya auri Jean Alexander a 1950, suka haifi 'ya'ya biyu.

Dartmouth da Tsarin Karɓa-karɓa

A 1953 Kwalejin Dartmouth da ke garin Hanover a jihar New Hampshire ta ɗauke shi don ya farfaɗo da sashen lissafi, ya kuma shugabanci sashen daga 1955 zuwa 1967. Dartmouth ba makarantar injiniyoyi ba ce. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗalibanta adabi da tarihi da kimiyyar zamantakewa suke karantawa. Waɗannan ne suka tsaya wa Kemeny a rai. A ganinsa, su ne za su zama shugabannin kamfanoni da alƙalai da 'yan majalisa, za su riƙa yanke hukunci a kan al'amuran da kwamfuta take ciki dumu-dumu, alhali ba su taɓa taɓa ta ba.

A wancan zamani taɓa kwamfuta ba ƙaramin aiki ba ne. Mai bukata zai huda umarninsa a kan kati, ya miƙa wa ma'aikacin da yake tsaron na'urar, ya koma gida ya jira. Bayan sa'o'i, wani lokaci sai gobe, a dawo masa da takarda, sau da yawa ba ta ɗauke da komai sai sanarwar cewa ya yi kuskuren waƙafi ɗaya. Kurtz, wanda ya zo Dartmouth a 1956, yakan ɗauki akwatin kati ya hau jirgin ƙasa zuwa cibiyar kwamfuta ta MIT, domin kwalejin ba ta da tata sai a 1959, lokacin da ta sayi wata ƙarama mai suna LGP-30. Da ita ne malaman biyu suka gano cewa ɗaliban digirin farko, in an sakar musu mara, suna iya rubuta manhajar da ƙwararru za su jinjina wa.

John McCarthy na MIT ne ya ba Kurtz shawarar su gwada tsarin karɓa-karɓa. Ma'anarsa ita ce a haɗa tafiretoci masu yawa da kwamfuta ɗaya ta waya, ita kuwa ta riƙa zagayawa tana ba kowane ɗan taƙin lokaci, da saurin da zai sa kowa ya zaci shi kaɗai take saurare. Da tallafin Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa da rangwamen kamfanin General Electric, aka kawo kwamfutar GE-225 da wata abokiyar aikinta, Datanet-30, wadda take kula da zirga-zirgar saƙonni tsakanin tafiretocin da babbar na'urar. Ɗalibai biyu, Michael Busch da John McGeachie, su ne suka rubuta manhajar da ta sa injunan biyu suka fahimci juna. Kemeny da kansa ya rubuta manhajar fassara ta farko, wadda take juya BASIC zuwa lambobin da na'ura take ganewa. Asubahin 1 ga Mayu, 1964 ne Dartmouth take ɗauka a matsayin lokacin haihuwar harshen.

Sunan BASIC taƙaitawa ce ta wata doguwar jimlar Ingilishi da take nuna cewa harshen na 'yan koyo ne, kuma ya dace da kowane irin aiki. Kalmomin umarninsa na farko ba su kai ashirin ba, mafi yawansu kuwa kalmomin yau da kullum ne, irin su LET da PRINT da IF da END. Kowane layi yana farawa da lamba, don haka gyara kuskure bai wuce sake buga layin da lambarsa ba. Hatta shiga tsarin da gaisuwar HELLO ake yi, a fita da sallamar BYE. Wanda ya saba da FORTRAN zai iya raina wannan sauƙi, amma an yi shi ne da gangan, bayan gwaje-gwaje biyu da suka gabata, DARSIMCO a 1956 da DOPE a 1962, waɗanda ba su yi nisa ba.

Manufar da aka gina tsarin a kanta ta fi harshen kansa nauyi. Kemeny ya ɗauki kwamfuta kamar ɗakin karatun jami'a, inda ɗalibi yake shiga ya zaro littafin da ya ga dama ba tare da neman izini ko bayyana dalili ba. Ba a karɓar kuɗi daga ɗalibi, ba a kuma hana shi wasa, har ma Kemeny ya ɗauki wasannin kwamfuta a matsayin hanyar cire tsoro. Kafin shekarun 1960 su ƙare, mafi yawan ɗaliban kwalejin sun iya rubuta manhaja, an kuma ja layukan waya zuwa makarantun sakandare da kwalejoji na yankin. Malaman biyu ba su nemi arziki da harshen ba. Sun bar shi ga duk mai so.

Shugabancin Kwaleji

A 1970 aka naɗa shi shugaban Dartmouth, ya riƙe muƙamin har 1981, bai kuma daina shiga aji ba a duk tsawon lokacin. A zamaninsa ne kwalejin, wadda aka kafa tun 1769, ta fara ɗaukar mata a 1972, ta koma karatu duk shekara don a sami gurbin ƙarin ɗalibai, ta kuma waiwayi tsohon alkawarinta na ilimantar da 'yan asalin ƙasar Amurka. A 1979 Shugaba Jimmy Carter ya ɗora masa jagorancin kwamitin binciken haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania. Rahoton kwamitin ya ɗora mafi yawan laifin a kan ɓangaren ɗan Adam: ƙarancin horon ma'aikata, ɗakin sarrafawa mai ruɗarwa, da sakacin hukumomi. Wannan matsaya ta yi daidai da abin da ya daɗe yana faɗa game da tazarar da ke tsakanin na'ura da mutumin da aka ajiye a gabanta.

Yadda Harshen ya Bar Gida

A littafinsa na 1972, Man and the Computer, Kemeny ya hango lokacin da gidaje za su mallaki na'urorin da ke haɗe da manyan kwamfutoci na nesa, mutane su riƙa karanta labarai da neman ilimi da yin sayayya daga ɗakunansu. Hasashen ya yi kusa da abin da intanet ta zama. Sai dai a cikin wannan hoto, ƙarfin lissafi da rumbun bayanai suna can a cibiya, mutumin gida kuwa tagar leƙawa kawai yake da ita.

Shekara uku bayan haka tarihi ya bi wata hanya. A Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta tallata Altair 8800, kwamfutar da mutum zai saya a warwatse ya harhaɗa a gida. Bill Gates da Paul Allen, tare da Monte Davidoff, suka rubuta mata BASIC wanda ya shiga cikin ƙwaƙwalwa mai kilobayit huɗu kacal, shi ne kuma hajar farko ta Microsoft. Masu sha'awa suka riƙa kwafar sa suna raba wa juna kyauta, har Gates ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1976 yana zarginsu da sata. Wasu kuwa suka zaɓi su yi nasu. Dennis Allison ya fitar da tsarin Tiny BASIC, mujallar Dr. Dobb's Journal ta samo asali daga buga ire-irensa, Li-Chen Wang kuma ya rubuta nasa ya sake shi ga kowa. Rikicin da ake yi har yau tsakanin manhajar sayarwa da manhajar da kowa zai iya dubawa ya gyara, a kan harshen Kemeny aka yi ɗaya daga cikin zagayensa na farko. A 1977 Apple II da TRS-80 da Commodore PET duk suka fito da BASIC a cikinsu.

Masu nazarin harshe ba za su yi mamakin abin da ya biyo baya ba. Harshen da ya bazu a hannun jama'a, ba tare da hukumar da take tsare shi ba, dole ya rarrabu zuwa kare-kare. Kowane kamfani ya yanke abin da ƙaramar ƙwaƙwalwar na'urarsa ba za ta ɗauka ba, ya ƙara kalmomin da suka dace da ita kaɗai, har manhajar da aka rubuta wa wannan na'ura ta kasa aiki a waccan. Na Dartmouth yakan fassara manhaja gaba ɗaya kafin ta fara aiki; na gida kuwa tafinta ne, layi-layi yake bi, don haka ya fi nawa. Ƙwararru suka yi wa harshen ca. Edsger Dijkstra ya yi iƙirari a 1975 cewa ɗalibin da ya fara da BASIC da wuya ya ƙara koyon tsara manhaja yadda ya kamata. Mafi yawan sukar ta shafi yawan amfani da umarnin GOTO, wanda yake sa manhaja ta sarƙe kamar zaren da kaza ta shiga, alhali a Dartmouth an ci gaba da gyara harshen ana ba shi tsari.

Abin ya dami Kemeny da Kurtz. A 1983 suka kafa kamfanin True BASIC tare da wasu tsofaffin ɗalibansu, don su fitar da daidaitaccen harshe mai aiki iri ɗaya a kan kowace na'ura. A 1985 suka wallafa Back to BASIC, inda suka kira kare-karen kasuwa da sunan BASIC na titi, suka kuma bayyana su a matsayin lalacewar harshen. Ta fuskar fasaha suna da hujja. Ta fuskar manufa kuwa, hukuncin nasu ya yi tsauri. Waɗancan kare-kare da suka raina su ne suka isar da harshen ga yaran da ba za su taɓa taka Hanover ba. Linus Torvalds ya fara rubuta manhaja da BASIC a kan kwamfutar kakansa, Commodore VIC-20, a Helsinki. Linux ɗin da ya fara a 1991 shi ne a yau yake tafiyar da ɗimbin ƙananan uwayen garke da masu sha'awa suke ajiyewa a gidajensu, don su riƙe hotunansu da takardunsu a hannunsu maimakon su damƙa wa kamfanonin nesa. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta 2012, wadda da yawansu suke amfani da ita, masu ƙera ta sun yi koyi ne da BBC Micro ta 1981, wadda ta koya wa yaran Birtaniya BASIC. Daidaitaccen harshen True BASIC ya sami karɓuwa a wasu makarantu, amma bai karɓe kasuwa daga hannun Microsoft ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan ya sauka daga shugabanci, Kemeny ya koma koyar da lissafi da kwamfuta a sashensa na da, har ya yi ritaya a 1990. Ya rasu sakamakon ciwon zuciya ranar 26 ga Disamba, 1992, a garin Lebanon na jihar New Hampshire, yana da shekara sittin da shida. Ginin sashen lissafi na Dartmouth yana ɗauke da sunansa. A 2019 jihar New Hampshire ta kafa allon tarihi a bakin hanya a Hanover don tunawa da ƙirƙiro BASIC. Abokin aikinsa Thomas Kurtz ya rasu a Nuwamban 2024, yana da shekara casa'in da shida.