Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da zanensa ya fito daga masallaci zuwa bakin titi

Duk wanda ya taso daga Tanut ko Belbeji ya sauka Damagaram, ya shiga lungunan Birni, zai ci karo da abin da ke tsayar da baƙi: ƙofofin gidaje masu zane, dagi a saman zaure, zankwaye a kan soro, nan farar ƙasa, can launi iri-iri. Samarin da ke fesa fenti a bangon Dakar ko Paris suna kiran aikinsu fasahar titi. Hausawa sun daɗe da tasu, sunanta zanen gida, kuma magina ne masu ita. In ana lissafin maginan ƙasar Hausa kuwa, sunan da ake fara ambata shi ne na Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, mutumin da ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a ƙarni na 19.

Ya yi zamani da daular Sakkwato tana sabuwa. Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya kawo sababbin sarakuna a biranen Hausa, kowannensu yana bukatar masallacin Juma'a da fadar da za ta nuna cewa mulki ya zauna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, mutum ne mai son kafa garuruwa da zaunar da masu sana'a a cikinsu. A Zazzau, Abdulkarimu ya hau gadon sarauta a 1834, ya riƙe ta har 1846, kuma a zamaninsa ne aka yi ginin. Labarin da maginan Zariya suka gada ya nuna cewa daga Sakkwato aka turo maginin, can ne kuma ya samo laƙabin Babban Gwani. A bakin mutanen Zariya an fi jin Malam Mika'ilu, a littattafai kuma ana yawan ganin Muhammadu Durugu. Laƙabin dai shi ya rinjayi sunayen biyu.

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san matsalar da ke gaban kowane magini na lokacin. Kayan aikinsa ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa, da tubali da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, sai azara, wadda ake tsagowa daga kututturen giginya. Azara tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, amma in aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasa, tazarar da take iya ɗauka ba ta wuce kamar mita 2 ba. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu-sahu na masallata? Amsar maginan Hausa ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi tana ɗan leƙowa, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗora wata a kai, ta leƙo fiye da ta farko. Haka za a yi ta bi daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama kamar baka. In bakunan suka gitta juna, sai a rufe tsakaninsu da azara da ƙasa, a samu tulluwa.

Ba Babban Gwani ne ya ƙago wannan dabara ba, ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya kai ta matsayin da ba a saba gani ba. A masallacin Zariya bakunan suna tasowa daga manyan ginshiƙai, su rarrabu kamar rassan itace, su sake haɗuwa a sama, ta yadda mai ɗaga kai ba zai iya cewa ga inda ginshiƙi ya ƙare, ga inda rufi ya fara ba. Kuma ba ɗakin salla kaɗai ya gina ba. Akwai wurin zaman shari'a, da zaurukan shiga masu wurin alwala, duk a cikin katanga ɗaya.

Sai zanen. Jikin ginshiƙan da bangon ciki ba a bar su sumul ba, an fitar da layuka masu kauri, da da'ira, da kusurwoyi, wasu sun tudo, wasu sun nutse. Ana yin irin wannan ne da yatsu da tafin hannu tun ƙasar tana ɗanya, saboda haka magini ba ya da lokacin dogon tunani, in ta bushe shi ke nan. Babu siffar mutum ko ta dabba, kamar yadda ya dace da ɗakin ibada. Babu kuma dogaro ga launi. Ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa shi ke jefa inuwa a cikin layukan, zanen ya riƙa sauya kama daga hantsi zuwa la'asar. Wannan sirri ne da mai fenti ba ya da shi, kuma har yau shi ne ke bambanta zanen da aka tono a bango da wanda aka shafa kawai.

Aiki irin wannan ba ya rasa labarai. Magina sukan ce da rana ma'aikatansa ke kwaɓa ƙasa su tara tubali, shi kuma sai dare ya raba yake hawa bango, don kada wani ya ga yadda yake ɗaurin azara. Wasu ma har da aljanu suke sakawa a ciki. Masanin gine-gine Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya kammala bincikensa na digirin digirgir a 1981 a kan maginan Hausa, ya yi nazarin yadda irin waɗannan labarai ke cuɗanya da gaskiyar sana'ar. Ko ba aljani, labarin ya faɗi wani abu na gaskiya: ilimin gini dukiya ce ta gida, uba ke ba ɗa, ba a baje ta a kasuwa.

Sunansa ya wuce Zazzau. A Kafin Madaki, arewa da birnin Bauchi, akwai Gidan Madaki, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani a wajen 1860, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim. A 1956 aka sanya gidan cikin kayan tarihin Najeriya da doka ta kare. Game da ƙarshensa, labarin da ya fi yawo shi ne na Birnin Gwari: ya gina wa sarkin garin masallaci, sarkin ya ga kyansa, ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Ana ba da kwatankwacin wannan labari a wasu ƙasashe. Mutanen Rasha ma suna cewa sarkinsu Ivan ya makantar da wanda ya gina babbar majami'ar nan mai launuka ta birnin Mosko. Da alama duk inda gwani ya yi wa mai mulki aiki, jama'a na zargin cewa ladansa ba zai yi daɗi ba.

Zuriyarsa ta zauna a Zariya, inda har yau akwai unguwar da ake kira Babban Gwani, kuma a gidansu sarautar Sarkin Magina ta daɗe. A zamaninsa, zane mai yawa na cikin masallaci ne da fada da ɗakunan manya, talaka ba ya ganinsa sai ya shiga. A ƙarni na 20 ne abin ya juya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, fatake da ƴan kasuwa suka samu kuɗi ba tare da sarauta ba. Mai sabon arziki yana son a sani, sai ya kira magini ya zane masa fuskar zaure, wadda ke kallon hanya. Hannun da ya koyi layi da da'ira a cikin masallaci ya fito waje, ya kuma saki jiki. Ban da dagi, aka fara ganin takobi, da bindiga, da agogo, da keke, da mota, har da jirgin sama. Da siminti ya zo, aka riƙa yanka zanen a jikinsa tun yana ɗanye, daga baya fenti ya shigo. Baturen nan Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu zane a 1963, Bajamushe Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da babban nazari a kansu a 2007.

A nan ne zanen gida ya sha bamban da rubutun bango na Turawa. Wancan ya yi ƙarfi ne a birnin New York na Amurka a wajen 1970, lokacin da samari ke rubuta laƙabinsu a jikin jiragen ƙasa da bangon mutane ba tare da izini ba, don a san suna nan. A ƙasar Hausa kuwa mai gida ne ke kira, shi ke biya, kuma sunansa ne ke tashi. Keken da ke bango na cewa mai gidan nan ya mallaki keke, ko yana fatan mallaka. Magini ya gama ya wanke hannu ya tafi. Shi ya sa gidaje da yawa ake sanin na wane ne, a manta wanda ya zana su, kuma shi ya sa tsirar sunan Babban Gwani har tsawon wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne.

Aikinsa a kudu ya yi shi, amma sana'ar ba ta san iyakar da Faransa da Ingila suka shata daga baya ba. Hanyar ayari da ta haɗa Kano da Agadas ta Damagaram da Damargu take bi, inda matafiya ke sayen hatsin guzuri, kuma tare da gishiri da turkuɗi, ido ma yana ɗaukar abin da ya gani a bangon wani gari. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, Birni ya samu ganuwa da fadar da ake gani. A Agadas akwai gidan mai burodi na 1917, wanda cikinsa ke cike da zanen ƙasa, a tsohon garin da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2013. Birnin Damagaram kuwa tun 2006 yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar, yana jira. A jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu ya fara masallacin Yama a 1962, daga baya ya yi masa rufin bakan gizo, aikin da ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Manomi ne kuma magini, da ƙasa da itace ya yi aikinsa kamar na Zariya.

Ginin ƙasa yana son kulawa. In ba a sake yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, damina biyu ko uku sun isa su cinye zanen da aka yi wata guda ana fitarwa. Maginan da suna kare bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Marina sun ragu, masu haɗa laso ma haka. Wanda ya shafe bangon ƙasa da siminti don ya huta, sau da yawa sai danshi ya taru a ciki, simintin ya ɓamɓare ya taho da zanen. Da yawa kuma sukan rushe zauren gaba ɗaya su sa bulo da kwano.

Masallacin Babban Gwani ma bai tsira cikakke ba. A shekarun 1970 aka sake gina masallacin Juma'ar Zariya da kankare, aka rushe sassan waje, aka bar tsakiyar tsohon ɗakin sallar a cikin sabon ginin, kamar ƙwai a cikin kwano. Sa'ar da aka yi ita ce wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana taswirarsa dalla-dalla. Da waɗannan awo aka gina kwafinsa da ƙasa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Dmochowski ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990. Mai son ganin siffar masallacin ta waje yadda Babban Gwani ya bar ta, yau Jos zai nufa.